Babbar Hanyar Abuja zuwa Kano: Inda Ta Ratsa da Tarihinta

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Kano ya nufi kudu, ko ɗalibi ne mai komawa makaranta, ko ɗan kasuwa mai bin kayansa, ko majinyaci da ake kai wa asibiti, da wuya a ce bai taka wani yanki na babbar hanyar da ta haɗa Kano da Zariya da Kaduna da Abuja ba. Saboda yawan bin ta da ake yi, mutane da dama sun ɗauke ta tamkar wani abu da aka tarar, kamar dutse ko kogi. Alhali kuwa kowane taƙi nata yana da dalilin da ya sa ya bi ta inda ya bi.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wuraren da hanyar ta ratsa, da matakan da ta bi tun daga zamanin fatake har zuwa shekarar 2025, da kuma irin sawun da ta bari a cikin harshen Hausa. A ƙarshe za a nuna cewa abubuwan da suke raya hanya a zamanin jaki su ne dai suke raya ta a zamanin mota.

2.0 Inda Hanyar Ta Ratsa

Wannan hanya yanki ce ta wata doguwar hanyar Gwamnatin Tarayya da aka laƙaba wa lamba A2, wadda ta taso daga kudancin Nijeriya ta biyo ta Binin da Okene da Lakwaja. Yankin da ake magana a kansa ya fara daga Zuba, a bakin iyakar Birnin Tarayya, ya ƙare a Kano. Tsawonsa kimanin kilomita 375 ne, kuma injiniyoyi sun kasa shi kashi uku: Zuba zuwa Kaduna kimanin kilomita 165, Kaduna zuwa Zariya kimanin 73, sa'an nan Zariya zuwa Kano kimanin 137. Ban da Birnin Tarayya, hanyar ta ratsa jihohi uku, watau Neja da Kaduna da Kano.

Da matafiyi ya bar Zuba sai ya faɗa Jihar Neja ta Madalla, inda Dutsen Zuma yake tsaye a gefen hanya. Wannan dutse shi ne aka buga hotonsa a jikin takardar Naira 100 a shekarar 1999. Daga nan sai a wuce mashigar Suleja, a isa Dikko inda hanyar Minna ta rabu, a wuce Sabon Wuse, a shiga Jihar Kaduna ta Tafa. Tsakanin Tafa da Kaduna akwai Jere da Katari da Doka da Rijana da Kakau da Gonin Gora. Wannan yanki ƙasar kurmi ce da tuddai, garuruwansa ƙanana ne, kuma akwai tazarar daji a tsakaninsu. Asalin mazauna wurin Gbagyi ne da Koro da Adara, tare da Fulani makiyaya da Hausawan da kasuwanci ya zaunar.

A Kaduna manyan motoci ba su bi ta tsakiyar gari, sai su zaga ta hanyar yamma wadda aka sa wa sunan Nnamdi Azikiwe, su ɓullo Kawo. Daga Kawo sai Rigacikun, sai Mararrabar Jos, sai Birnin Yero, sai Jaji, inda aka kafa Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja a 1976. A Zariya ma hanyar ba ta shiga cikin ganuwa ba, ta bi ta gefe ne ta Ɗan Magaji zuwa Kwangila, inda ta gamu da hanyar Funtuwa da Sakkwato.

Bayan Zariya ƙasa takan buɗe, itatuwa su ragu, gonaki su yawaita. Akan wuce Tashar Yari a shiga Jihar Kano ta wajen Kwanar Ɗangora, a bi ta Dakatsalle da Ciromawa, a ratsa filayen noman rani na Kadawa da Kura, waɗanda suke shan ruwan madatsar Tiga da aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako. A nan ne kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan take. Sai Ƙarfi, sai gadar Tamburawa, sai Kwanar Dawaki, sai a shiga Kano ta Na'ibawa. Lambar A2 ba ta tsaya a Kano ba. Ta zarce ta Kazaure da Daura har Kwangwalam a bakin iyakar Jamhuriyar Nijar, inda hanyar Matamaye da Damagaram ta karɓe ta. Saboda haka yankin Kaduna zuwa Kano yana cikin doguwar hanyar ratsa Sahara da aka tsara daga birnin Aljiyas zuwa Ikko.

3.0 Zamanin Fatake

Mafi tsufan ɓangaren wannan hanya shi ne na tsakanin Kano da Zariya. Birane ne guda biyu masu ganuwa da kasuwa, kowanne yana buƙatar abin da ɗan'uwansa yake da shi. Kano tana da masaƙa da marina da dukawa, ga kanwa da gishiri da suke zuwa mata daga arewa. Zazzau kuwa tana da auduga, kuma ita ce ƙofar kudu, inda ake samo goro da kayan Nufe, da kuma bayi waɗanda aka riƙa kamowa daga ƙabilun kudancinta. Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyoyin ciniki daga Barno zuwa Gwanja a zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15.

Tafiyar da mota take yi yau a cikin sa'o'i biyu, ayarin fatake yakan yi ta a kwana biyar ko shida. Ba a miƙe hanyar take ba, domin abubuwa uku ne suke yanke inda za ta bi: ruwan da mutane da dabbobi za su sha, da zangon da za a sauka, da kuma amincin da za a samu daga 'yan fashi da mahara. Don haka takan karkata ta garuruwa masu ganuwa irin su Bebeji da Likoro. Kowane ayari yana da madugu wanda yake shugabancinsa, da jagaba mai shigewa gaba, da uban dawaki wanda yake kula da kuɗin da ake biyan sarakunan da aka ratsa ƙasarsu. Wannan kuɗi, a wani fannin, ladan tsaro ne. Sarkin da ya karɓa ya ɗauki nauyin ayarin har ya fita daga ƙasarsa, wanda kuwa ya kasa, labari yakan bazu, fatake su sake hanya, kasuwarsa ta mutu.

Daga Zariya hanyar takan rabu. Wani reshe ya yi yamma ta Birnin Gwari ya nufi Kwara, kuma ta nan ne Baturen nan Kyaftin Clapperton ya biyo a 1826, ya sauka Zariya kafin ya wuce Kano. Wani reshen ya yi kudu ta Kaciya da Keffi zuwa Loko a bakin Binuwai. A wancan lokaci babu garin Kaduna, babu kuma wata babbar hanya da ta miƙe daga Zariya zuwa Zuba kamar ta yau. Amma akwai tsohuwar dangantaka tsakanin wuraren biyu. Sa'ad da masu jihadi a ƙarƙashin Malam Musa suka ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya fita da jama'arsa ya yi kudu har Zuba. Bayan rasuwarsa ƙanensa Abu Ja ya kafa gari a 1828, aka kira garin Abuja. Wannan gari shi ne Suleja ta yanzu. Ashe tun kafin a yi tunanin kwalta, Zagezagi sun riga sun haɗa ƙarshen hanyar biyu da ƙafa.

4.0 Zuwan Turawa da Jirgin Ƙasa

Hanyar da ta ɗauki fatake ita ce ta ɗauki mayaƙa. A 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Maloni ya gudu Kano, Gwamna Lugga kuwa ya riƙi wannan a cikin hujjojinsa na kai yaƙi. Ranar 29 ga Janairu 1903 rundunar Kanar Morland ta tashi daga Zariya, ta fasa Bebeji a kan hanya, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato.

Da Turawa suka zauna, babbar damuwarsu ita ce yadda za a yi jigilar kaya. Sun gwada share hanyar amalanke daga Zungeru zuwa Zariya da Kano, da aikin tilas na talakawa, amma damina da cututtukan dabbobi suka hana abin yin armashi. Sun kuma aza wa fatake kuɗin fito nasu na kansu, wanda aka soke a 1907. Abin da ya sauya al'amura shi ne jirgin ƙasa. An shimfiɗa dogo daga Baro a bakin Kwara, ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Nan da nan cinikin gyaɗa ya bunƙasa.

Jirgin ya yi wa hanya abubuwa biyu. Na farko, ya haifi garin Kaduna. A inda dogo ya ƙetare Kogin Kaduna ne Lugga ya zaɓi ya kafa sabuwar hedkwata, aka kuwa taso daga Zungeru zuwa can a 1917. Tun daga ranar ya zama dole duk wata hanya da ta fito daga Zariya za ta yi kudu ta bi ta Kaduna, tsohon reshen Keffi da Loko ya rage daraja. Na biyu, jirgin ya danne hanyar mota shekaru da yawa. Gwamnatin mulkin mallaka ta zuba kuɗi mai yawa a kan dogo, ba ta kuwa son motoci su yi takara da shi. Abin da ta fi so shi ne hanyoyin da za su kawo gyaɗa da auduga daga ƙauyuka zuwa tashar jirgi. Saboda haka hanyoyin da suke tafiya kafaɗa da kafaɗa da dogo, irin ta Kaduna zuwa Kano, suka daɗe suna hanyoyin jar ƙasa, da rani ƙura, da damina taɓo. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne aka mai da hankali ga zuba wa manyan hanyoyin Arewa kwalta, ita ma siririya.

5.0 Daga 'Yancin Kai zuwa Tagwayen Hanya

A 1967 aka raba Jihar Arewa, Kano ta zama jiha, Kaduna da Zariya suka faɗa Jihar Arewa ta Tsakiya. Hanyar da a da take cikin jiha ɗaya ta zama mai ƙetare iyaka. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma hannun dama. Kuɗin man fetur ya shigo, motoci suka yawaita, harkar jirgin ƙasa kuwa ta fara ja da baya.

Abin da ya ba hanyar siffarta ta yau shi ne dokar da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa ranar 3 ga Fabrairu 1976, ta mayar da babban birnin ƙasa daga Ikko zuwa tsakiyar Nijeriya. Sabon birnin ya karɓi sunan Abuja, tsohon garin Abu Ja ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Dajin da yake tsakanin Kaduna da Zuba, wanda a da ba kowa yake ratsa shi ba, ya zama ƙofar da duk Arewa maso yamma za ta bi ta isa fadar gwamnati. A zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida aka mayar da hanyar tagwaye tun daga Abuja har Kano, watau masu zuwa da hannunsu, masu dawowa da nasu, kowane hannu yana ɗaukar mota biyu a jere. Gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991. An kafa shingayen karɓar kuɗin hanya a wasu wurare, har zuwa farkon 2004 lokacin da gwamnatin Obasanjo ta rushe su a ƙasa baki ɗaya.

Sabuwar hanya ta ɗaga wasu garuruwa, ta kuma kwantar da wasu. Tafa da Mararrabar Jos sun cika da masu abinci da makanikai da masu faci saboda direbobin manyan motoci da suke kwana a can. Bebeji kuwa, wadda a da ayari ba ya wuce ta, ta koma gefe, sai mai niyya yake ratsewa ya shiga.

6.0 Lalacewa da Gyara

Hanyar kwalta hawa hawa ce. A ƙasa akwai jar ƙasa da aka daddaɓe, a bisanta dakakken dutse, sa'an nan kwalta a sama. Maƙiyanta biyu ne, ruwa da nauyi. Idan kwalta ta tsage ruwan sama ya shiga, ƙasan yakan yi laushi, taya ta danna, rami ya buɗe. Game da nauyi kuwa, gwajin da aka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da yake kan ƙafar mota sau biyu, ɓarnar da take yi wa hanya takan ninku kusan sau 16. Da jirgin ƙasa ya durƙushe, sai man fetur da siminti da taki da hatsi da shanu duk suka dawo kan wannan hanya. Ga kuma man gas da yake ɗiga daga motocin da suke tsayawa a bakinta, wanda yake narkar da kwalta.

A Disamba 2017 Gwamnatin Tarayya ta ba kamfanin Julius Berger kwangilar gyaran hanyar a kan Naira miliyan dubu 155, aka fara aiki a 2018. A 2020 aka sanya ta cikin ayyuka uku da za a kashe wa Dala miliyan 311 da aka dawo da su daga kuɗin da Janar Sani Abacha ya ɓoye a waje. A 2021 aka sauya aikin daga gyara zuwa sabon gini, kuɗin ya haura Naira miliyan dubu 797. A watan Mayu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe abin da aka kammala tsakanin Kaduna da Kano. Yankin Abuja zuwa Kaduna kuwa ya tsaya, aka yi ta jayayya a kan farashi, har Ma'aikatar Ayyuka ta soke kwangilar a Nuwamba 2024. A 2025 aka ba wani kamfani ragowar aikin, da sharaɗin a yi shi da kankare. A tsawon waɗannan shekaru akan rufe hannu ɗaya a tara motoci a ɗayan, abin da ya jawo cunkoso da karo na gaba da gaba.

Matsala ta biyu ta fi ramuka muni. Daga wajen 2016 masu satar mutane don neman fansa suka addabi yankin Katari da Rijana. A Nuwamba 2020 aka sace ɗalibai tara na Sashen Faransanci na Jami'ar Ahmadu Bello a kan wannan hanya. Masu hali suka ƙaurace mata suka koma jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a Yuli 2016. Ranar 28 ga Maris 2022 aka kai wa jirgin kansa hari a wannan dajin, aka kashe wasu fasinjoji, aka tafi da wasu da dama, jirgin bai koma aiki ba sai a Disamba na shekarar. Talaka wanda ba shi da kuɗin jirgi, da direban haya, da manomin da gonarsa take bakin daji, su ne suka fi ɗanɗana wannan masifa.

7.0 Sawun Hanya a Harshen Hausa

Ga mai nazarin Hausa, sunayen da suke kan wannan hanya kansu tarihi ne. Tun asali Bahaushe yana da kalmominsa: hanya, da turba, da gwadabe, da burtali na shanu, da kadarko na ƙetare rafi. Zamanin mota ya kawo titi da kwalta da gada da kwalbati da direba da fasinja da lodi da kamasho, waɗanda aka aro aka yi musu kwaskwarima. Wasu kuwa ƙirƙira aka yi daga cikin gida, kamar karen mota da shataletale da gadar sama.

Sunayen garuruwa ma suna nuna zamanin da aka kafa su. Inda aka ji Zango, kamar Zangon Aya a ƙasar Igabi, akan tuna da masaukin fatake. Inda aka ji Tasha, kamar Tashar Yari, an san zamanin mota ne ko na jirgi. Mararrabar Jos sunanta ya faɗi aikinta. Kwangila kalmar aro ce daga Ingilishi. Akwai kuma wurin da har yau ake kira Tolget a bakin Kaduna, ko da yake an rushe shingen da ya ba shi sunan.

Kalmar kwana ta isa a tsaya a kanta. A rubuce ɗaya ce, amma a baki biyu ce. Akwai kwana na asali mai dogon wasali a gaɓar farko, wanda yake namiji, shi ya sa ake cewa kwanan zango. Akwai kuma kwana ta aro mai gajeren wasali a gaɓar farko, wadda take mace, shi ya sa ake cewa Kwanar Ɗangora da Kwanar Gafan da Kwanar Dawaki. Kowace daga cikin waɗannan tana nufin wurin da ake karya kan mota a nufi wani gari da yake ciki. Sau da yawa kasuwa takan baro garin na asali ta dawo kwanar, har 'ya ta fi uwa suna. Bafatake yana auna tafiyarsa da kwana na farko, direba kuwa yana auna tasa da kwana ta biyu.

8.0 Kammalawa

An ga yadda ciniki tsakanin Kano da Zazzau ya fara share wannan hanya, jirgin ƙasa ya karkatar da ita ta Kaduna, sabon babban birni ya ja ta zuwa Zuba. An kuma ga cewa sharuɗɗan madugu uku suna nan. Ruwa ya zama gidan mai, zango ya zama tasha, aminci kuwa bai sake suna ba. Shekarun 2016 zuwa 2022 sun nuna cewa idan aka rasa na ukun, faɗin kwalta ba ya hana mutane guje wa hanya, kamar dai yadda fatake suke guje wa ƙasar sarkin da ya kasa tsare su. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Akwai aikin da ya rataya a wuyan ɗaliban Hausa. Tsofaffin direbobi da 'yan kamasho da masu unguwannin da suka ga lokacin da aka share waɗannan wurare suna ƙarewa, kuma a bakinsu ne asalin sunaye irin su Dakatsalle da Gonin Gora da Rijana yake. Ya kamata masu neman batun kundin digiri su ɗauki hanyar zango zango, su tattara sunayen da labaransu da karin maganar 'yan tasha, tun masu bayarwa suna da rai.